Tambayoyi da Amsoshi Kan Daidaita Dokokin Kasuwar Lantarki da Iskar Gas da Ƙa'idojin Yanki

Ƙasashe da dama a yau suna sake rubuta dokokinsu na wutar lantarki da iskar gas domin su dace da ƙa'idojin da suka amince da su tare da maƙwabtansu. Aiki ne da ake yawan ɗauka na lauyoyi da injiniyoyi kaɗai, alhali shi ne yake yanke hukunci kan wanda zai iya sayar da wuta, da wanda zai tsayar da farashi, da wanda za a kai wa ƙara idan an yi zalunci. Ga tambayoyin da aka fi yi, tare da amsoshinsu.

Me ake nufi da daidaita dokokin ƙasa da ƙa'idojin yanki?

Abin da ake nufi shi ne ƙasa ta duba dokokinta, ta gyara waɗanda suka saɓa wa abin da ƙasashen yankin suka amince da shi, ta kuma kafa sababbi a inda babu. Ƙa'idojin yankin galibi suna magana ne kan abubuwa kaɗan masu nauyi: raba kamfanin da ke riƙe da layukan dakon wuta ko bututun gas daga kamfanin da ke samarwa da sayarwa, buɗe waɗannan layuka ga kowane mai lasisi, kafa hukumar sa ido mai cin gashin kanta, da tsara yadda za a yi ciniki a tsallaken iyaka. Ba a buƙatar kalmomin dokokin su zama iri ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne ɗan kasuwar da ya sayi wuta a wata ƙasa ya san cewa idan ta tsallaka iyaka ba za ta faɗa ƙarƙashin wasu sharuɗɗan da za su rusa cinikinsa ba.

Me zai sa ƙasa mai 'yancin kanta ta yarda a tsara mata dokokinta daga waje?

Dalili na farko yana cikin ɗabi'ar wutar lantarki kanta. Da zarar an haɗa layukan ƙasashe biyu suna aiki da bugu ɗaya, wato wutarsu tana kai da komowa sau iri ɗaya a kowace daƙiƙa, abin da ya faru a ɗaya yana shafar ɗayar cikin daƙiƙoƙi, kuma wutar ba ta tsayawa a iyaka a duba takardunta. A farkon shekarar 2018, saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo kan wanda zai cike giɓin wutar da ake ja daga layin ya sa bugun wutar nahiyar Turai ya ɗan sauka ƙasa da 50 a daƙiƙa na tsawon makonni, har agogunan da ke dogara da wannan bugu suka yi jinkirin kusan minti shida a ƙasashe da dama. Rigima ce ta ƙasashe biyu, amma wanda ke can nesa a wata ƙasa ya gan ta a agogonsa.

Dalili na biyu kuɗi ne. Tashar samar da wuta ko bututun gas jari ne da ba ya dawowa sai bayan shekara ashirin ko talatin, kuma mai zuba irin wannan jari yana son tabbacin cewa sauyin gwamnati ba zai sauya sharuɗɗan ba. Dokar da aka ɗaure da yarjejeniyar yanki ta fi wuyar warwarewa fiye da wadda majalisa ɗaya za ta iya sokewa a zama guda. Akwai kuma ribar raba nauyi: ƙasar da ke da ruwa mai yawa a damina za ta iya sayar wa mai gas wutar da take samu daga ruwan, ita kuma ta saya a rani, maimakon kowace ta gina tashoshin ko-ta-kwana da za su zauna ba aiki.

Ya kamata a lura cewa ƙasar ba ta zama 'yar kallo wajen rubuta ƙa'idojin a kowane hali. A wasu ƙungiyoyin tana da ƙuri'a tun daga farko, a wasu kuma tana karɓar abin da aka riga aka rubuta ne, kuma wannan bambanci yana da tasiri sosai kan yadda 'yan majalisarta ke kallon aikin.

A ina wannan tsari ya fi nisa?

A Tarayyar Turai. Umarnin farko kan kasuwar lantarki ya fito a 1996, na gas kuma a 1998. Kashi na biyu ya zo a 2003, wanda ya ba kowane gida damar zaɓen kamfanin da zai sayar masa da wuta ko gas daga Yulin 2007. Kashi na uku, na 2009, shi ne ya tsananta batun raba kamfanoni, ya kuma kafa hukumar ACER da ke birnin Ljubljana na ƙasar Sulobeniya domin haɗa kan hukumomin sa ido na ƙasashe. A 2019 aka ƙara wasu dokoki, ciki har da sharaɗin cewa a bar aƙalla kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin layukan da suka dace domin cinikin tsallaken iyaka. Abin lura a nan shi ne kowane kashi ya zo ne saboda wanda ya gabace shi bai wadatar ba, domin manyan kamfanonin da suka daɗe suna riƙe da kasuwa sun yi ta samun hanyar bin harafin doka ba tare da sakin ikonsu ba.

Ta wace hanya ƙa'idar yanki take shiga dokar ƙasa?

Hanya biyu ce. Akwai umarni, wanda yake faɗin sakamakon da ake so da wa'adin cimma shi, ya bar wa majalisar kowace ƙasa ta rubuta dokarta. Akwai kuma ƙa'idar da ke aiki kai tsaye ba tare da an sake kafa ta ba, kamar yadda yake a cikin Tarayyar Turai. Ga ƙasashen da ba mambobi ba, ko wannan nau'i na biyu sai an shigar da shi cikin dokar gida kafin kotu ta yi aiki da shi. Bayan babbar doka kuma akwai ƙananan dokoki masu yawa: ƙa'idojin haɗa tasha da layi, hanyar lissafin kuɗin dako, tsarin cike giɓi tsakanin abin da aka yi alkawari da abin da aka kawo. A nan ne aikin ya fi tsayawa, domin ana iya kafa babbar doka a yi biki, sannan a shafe shekaru ba a fitar da ƙananan da za su sa ta motsa ba.

Me ya sa ake nacewa kan raba kamfanin layi daga kamfanin sayarwa?

Saboda layin dakon wuta da babban bututun gas abubuwa ne da ba a gina su biyu a jere domin gasa. Duk mai son kai hajarsa kasuwa dole ya bi ta cikinsu. Idan mai layin shi ma yana sayar da wuta ko gas, to an ba kura ajiyar nama ke nan: zai iya cewa layin ya cika alhali bai cika ba, ko ya jinkirta haɗa sabuwar tasha, ko ya ƙi faɗaɗa bututun da zai kawo abokin gasa, ko ya leƙa bayanan cinikin wasu ya miƙa wa sashensa na sayarwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da sauƙin kamawa daga waje.

Dokokin Turai na 2009 sun ba da zaɓi uku. Na farko shi ne raba mallaka gaba ɗaya, ta yadda wanda ke iko da kamfanin samarwa ko sayarwa ba zai yi iko da kamfanin layi ba. Na biyu shi ne tsohon kamfanin ya ci gaba da mallakar layin, amma wani kamfani dabam mai zaman kansa ya gudanar da shi. Na uku shi ne kamfanin layin ya zauna a cikin rukunin, amma da tsauraran sharuɗɗa kan ma'aikata da kuɗi da yanke shawara. A ganina na farko ya fi tsabta, domin sauran biyun suna ɗora wa hukumar sa ido aikin gadi na dindindin wanda ba kowace hukuma ce ke da ƙarfinsa ba.

Lituweniya misali ce mai kyau. Ta zaɓi raba mallaka a lokacin da kamfanin Gazprom na Rasha ke da hannun jari a kamfanin gas na ƙasar kuma shi kaɗai ke kawo mata gas. Aka ware kamfanin bututu mai suna Amber Grid a 2013, Gazprom ya sayar da hannun jarinsa a 2014, sannan a ƙarshen wannan shekarar aka buɗe tashar karɓar gas ta jirgin ruwa a Klaipeda. Da bututun yana hannun tsohon mai kawo gas ɗin, da tashar ba ta yi amfanin da ta yi ba.

A inda gwamnati ce ke mallakar komai, ana yarda a raba ta hanyar sa kamfanin layi a ƙarƙashin wata ma'aikata, na samarwa kuma a ƙarƙashin wata. Wannan yana cika sharaɗi a takarda, amma ingancinsa ya dogara ne da ko ministocin biyu suna iya saɓa wa juna da gaske.

Raba kamfanoni yana nufin sayar da su ga 'yan kasuwa?

A'a. Ƙa'idojin ba su tilasta sayar da kadarorin gwamnati ba, kuma kamfanonin layi da yawa a Turai mallakar gwamnati ne har yau. Sayarwa shawara ce dabam da kowace ƙasa ke yankewa da kanta.

Mece ce hukumar sa ido mai cin gashin kanta, kuma me ya sa take yawan jawo rigima?

Ita ce hukumar da ke ba da lasisi, ta amince da kuɗin amfani da layi, ta sasanta rikici tsakanin kamfanoni, ta kuma hukunta mai laifi. Cin gashin kanta yana nufin shugabanninta suna da wa'adi tsayayye, ba a cire su sai da dalilin da doka ta ambata, tana da kasafin kuɗinta, kuma minista ba ya soke hukuncinta. Wanda bai gamsu ba kotu zai tafi. Rigimar tana tasowa ne domin farashin wuta lamari ne na siyasa a ko'ina, kuma babu gwamnatin da ke jin daɗin ganin wata hukuma ta ƙara shi ana dab da zaɓe.

Kada a ɗauka matsalar ta ƙasashe masu tasowa ce kaɗai. A Satumbar 2021 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa Jamus ta saɓa wa dokokin 2009, domin gwamnati tana tsara wa hukumar sa idonta hanyoyin lissafin kuɗin layi dalla-dalla, abin da ya rage mata 'yancin yanke hukunci. A Yukren kuwa, kotun tsarin mulki ta ce a 2019 matsayin da dokar 2016 ta ba hukumar sa ido bai dace da kundin tsarin mulkin ƙasar ba, sai da aka sake gyara dokar. Wannan yana nuna cewa wani lokaci cikas ɗin yana cikin tsarin mulki kansa, kuma masu rubuta dokar makamashi suna bukatar duba shi tun kafin su fara.

Idan za a auna abu ɗaya kawai domin a gane ko ƙasa ta daidaita dokokinta da gaske, to a auna wannan hukuma. Doka mai kyau a hannun hukumar da ke jiran umarni daga sama ba ta kare kowa.

Ƙasashen da ba sa cikin Tarayyar Turai fa, me ya haɗa su da dokokinta?

Yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar da ake kira Energy Community, wato Gamayyar Makamashi, ita ce ta haɗa su. An sa mata hannu a birnin Atina a Oktoban 2005, ta fara aiki a Yulin 2006, kuma sakatariyarta tana Viyana. Mambobinta sun haɗa da Albaniya, Bosniya, Kosobo, Masedoniya ta Arewa, Montenegro da Sabiya, sannan Moldoba ta shiga a 2010, Yukren a 2011, Jojiya a 2017. Waɗannan ƙasashe sun ɗauki alkawarin shigar da dokokin makamashi na Turai cikin nasu, kuma wa'adin da aka ba su na kashi na uku, wato dokokin 2009, shi ne farkon 2015.

Yukren ta kafa dokar kasuwar gas a 2015 da ta lantarki a 2017, sabuwar kasuwar lantarkin ta fara aiki a Yulin 2019, kuma a ranar 1 ga Janairun 2020 wani sabon kamfani ya karɓi gudanar da bututun gas daga rukunin Naftogaz, kamfanin mai da gas na gwamnatin ƙasar. Amfanin wannan dogon aiki ya bayyana a ranar 16 ga Maris 2022, makonni uku bayan Rasha ta ƙaddamar da mamayarta, lokacin da aka haɗa layukan Yukren da Moldoba da na nahiyar Turai cikin gaggawa. Haɗin ya yiwu cikin wannan ɗan lokaci ne saboda an shafe shekaru ana shirya ɓangaren fasaha da na doka.

Yaya lamarin yake a Afirka ta Yamma?

ECOWAS ta kafa tsarin haɗa wutar yankin, wato WAPP, a 1999, hedikwatarsa kuma tana Kwatano. A 2003 aka amince da yarjejeniyar makamashi ta ƙungiyar, a 2008 aka kafa hukumar sa ido ta yanki mai suna ERERA da ke Akra, a 2013 aka fitar da umarni kan tsara kasuwar lantarki ta yanki, sannan a Yunin 2018 aka ƙaddamar da zangon farko na kasuwar. Umarnin yana neman ƙasashe su buɗe layukan dakonsu ga wasu, su raba lissafin kuɗin sassan kamfanoninsu, su kuma ba hukumomin sa idonsu ikon da ya dace.

Ƙasashen ba su taka mataki ɗaya ba. Najeriya ta raba tsohon kamfaninta bisa dokar 2005, ta miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa tsakanin 2013 da 2014, ta kuma kafa sabuwar dokar lantarki a 2023. Gana ta ware kamfanin layi na GRIDCo daga hukumar samar da wuta ta VRA. A wasu ƙasashen kuwa har yanzu kamfani ɗaya ne ke samarwa da dako da rarrabawa. Babban cikas a yankin, fiye da rubutun doka, shi ne biyan kuɗi: kamfanin da ba ya iya karɓar kuɗin wutar da ya rarraba a gida ba zai iya biyan maƙwabcin da ya sayar masa a kan lokaci ba, kuma kasuwar da ake cinikin wutar gobe a yau ba ta tsayuwa sai da tabbacin biya. Sauran sassan nahiyar suna da nasu tsarin, kamar SAPP na kudancin Afirka da aka kafa a 1995 da EAPP na gabashi da aka kafa a 2005.

Gas da lantarki hanya ɗaya suke bi?

Manufofin ɗaya ne, amma aikin ya bambanta. Gas ana iya adana shi, kuma yana tafiya a hankali cikin bututu, saboda haka ana cike giɓinsa a kan lissafin yini, ba na daƙiƙa ba. Sai dai cinikinsa ya daɗe yana kan kwangiloli masu tsawon shekaru da dama, waɗanda suka kama dukan ƙarfin bututun tun kafin a gina shi, kuma yawanci mai kawo shi yana wajen yankin, dokokin yankin ba su hau kansa kai tsaye ba. Rigimar da ta kai ga soke aikin bututun South Stream, wanda aka shirya zai kai gas ɗin Rasha Turai, a Disambar 2014 ta shafi wannan batu, domin Hukumar Tarayyar Turai ta dage cewa dole bututun ya bi sharuɗɗan raba mallaka da buɗe hanya ga wasu.

Bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678 daga Najeriya zuwa Gana ta Benin da Togo, ya bi wata hanya dabam. Ƙasashen huɗu sun sa hannu kan yarjejeniya a 2003 wadda ta kafa tsarin haraji da na sa ido guda ɗaya domin bututun, tare da hukuma ta musamman da ke Abuja, sannan kowace ƙasa ta kafa dokar da ta ba yarjejeniyar ƙarfi a cikin gidanta. Daidaitawa ce ta aiki guda, ba ta dukan kasuwa ba, amma ta nuna cewa ana iya farawa daga ƙaramin abu.

Shin farashi zai hau kan talaka?

Yana iya hawa, kuma bai dace a ɓoye wannan ba. A ƙasar da aka daɗe ana sayar da wuta ƙasa da kuɗin samar da ita, duk wani gyaran da ya ce farashi ya nuna ainihin kuɗin zai taɓa aljihun jama'a kafin a ga amfanin gasa. Haka kuma idan ƙasa mai arhar wuta ta haɗu da mai tsada, farashin na farko yakan ɗan ɗaga, na biyun ya sauka. Abin da ƙa'idojin suke nema shi ne a fito da tallafi fili: gwamnati ta fayyace su wane ne masu rauni, ta taimaka musu daga kasafin kuɗi ko ta wani tsari bayyananne, ta hana a yanke musu wuta a lokutan tsanani. Tallafin da aka ɓoye cikin asarar kamfanin gwamnati yakan fi amfanar masu shan wuta da yawa, sannan ya dawo a matsayin bashi da lalacewar kayan aiki. Gyaran da aka fara da ƙarin farashi kafin a shirya kariyar masu rauni kuwa yakan gamu da turjiya mai hujja, kuma sau da yawa a nan yake mutuwa.

Ƙasar da ke da tsarin tarayya fa?

Aikinta ya fi wuya, domin gwamnatin tsakiya ce ke sa hannu a yarjejeniya, amma wani ɓangare na ikon yana hannun jihohi ko yankuna. Bosniya ta shafe shekaru ba ta da dokar gas ta ƙasa baki ɗaya saboda sassanta sun kasa jituwa kan wanda zai riƙe ikon sa ido. A Najeriya, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar tsara kasuwannin lantarkinsu, yayin da dako tsakanin jihohi da cinikin ƙetare suka rage a hannun tarayya, saboda haka daidaitawar tana da hawa biyu: tsakanin jiha da tarayya, da tsakanin tarayya da yanki.

Me ke faruwa idan ƙasa ta ƙi cika alkawari?

Ya danganta da haƙoran yarjejeniyar. A Tarayyar Turai ana kai ƙasa kotu, kuma kotun tana iya cin ta tara. A Gamayyar Makamashi babu kotu irin wannan. Sakatariya tana buɗe ƙara, majalisar ministoci ta tabbatar da saɓawar, kuma mafi girman hukunci shi ne dakatar da wasu haƙƙoƙin ƙasar, kamar yadda aka yi wa Bosniya a 2015 kan batun gas. A aikace, abin da ya fi motsa gwamnatoci shi ne sharuɗɗan masu ba da rance da kuma damar shiga babbar kasuwar maƙwabta.

Dokoki za su iya kare cinikin makamashi daga rikicin siyasa?

Suna ragewa, amma ba sa kawarwa. A Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a cikin takunkuman da ECOWAS ta sanya bayan juyin mulkin Yuli, ba a ɗage takunkuman ba sai a Fabrairun 2024, kuma a Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, alhali layukan wuta suna nan sun haɗa su da maƙwabtansu. Ƙasar da aka taɓa katse wa wuta saboda siyasa za ta fi son gina tasharta ko da ta fi tsada, kuma wannan hasara ce ga dukan yankin. Shi ya sa masu tsara ƙa'idojin yanki suke bukatar rubuta a fili yanayin da ya halatta a rage ko a dakatar da wutar da aka yi kwangilarta, da wanda zai yanke wannan hukunci, da diyyar da za a biya, tare da samar da hanyar da kamfanonin ƙasar da ta fice daga ƙungiyar siyasa za su ci gaba da zama cikin tsarin fasaha da na ciniki.